Don Allah shawara kan sallamar Baban ofis ɗinmu

Salam jama'a. Akwai wani dattijo a ofis ɗinmu, Baba muke ce masa, zai yi ritaya ƙarshen watan gobe, ya cika shekara 35 a aikin gwamnati. Shi ya koya wa kusan kowa a cikinmu rubutu a fayil, in aka ba ka takardar tuhuma shi zai zaunar da kai ya gyara maka amsa, filas ɗin shayinsa kuwa na kowa ne har masinja.

To mun yi karo-karo, kuɗin na hannuna, sai rigima ta tashi. Matasa na so a kama hol a yi walima, a buga kalanda da hotonsa, a ɗinka masa shadda. Su Hajiya na sashen kuɗi suka ce ɓarna ce, ai fansho ba ranar da ka ajiye aiki ake fara biya ba, sai an gama tantancewa, mutum sai ya yi watanni ba albashi ba fansho, ga shi yana da yara a jami'a. Ni ma nan na fi karkata gaskiya.

Matsalar ita ce Baba ba ya son abin hannun mutane, in aka miƙa masa ambulan a gaban jama'a wallahi zai iya mayar mana. Wani ya ce a bi ta hannun uwargida, ni kuma ina tsoron in ya ji daga baya ransa ya ɓaci. Waɗanda suka taɓa sallamar irin wannan dattijo, ya kuka yi? Ko firiza za mu saya masa?