Waɗanda suka kalli The Third Man a faifan Blu-ray, me kuka gani?

Mai buɗe zance, daga Zariya

Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka kalli The Third Man a faifai mai hoto tar su faɗi abin da suka gani, domin abin da na gani a makon jiya ya tsaya mini a rai. Fim ne na Birtaniya na 1949, Carol Reed ya ba da umarni, Graham Greene ya rubuta labarin. Holly Martins ya isa Biyana, babban birnin Austriya, bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyat suka raba birnin tsakaninsu, sai ya tarar ana binne abokinsa Harry Lime da ya gayyace shi. An ce mutum biyu ne suka ɗauke shi daga kan titi bayan mota ta buge shi, amma mai gadin gidan da Lime yake zaune ya ce su uku ya gani.

Na fara kallonsa a kaset ɗin bidiyo fiye da shekara 30 da suka wuce, kaset ɗin da aka kwafa daga wani kaset, kuma duk tsawon wannan lokaci na ɗauka duhun da ke cikinsa lalacewa ce. Da na sa faifan da aka yi daga gyaran da kamfanin fina-finai na StudioCanal ya fitar a 2015, sai na ga ashe duhun kala-kala ne, kuma kowanne da aikinsa. A wurin da kyanwa take wasa da takalman mutumin da ya laɓe a bakin ƙofa, a da baƙin tabo kawai nake gani, yanzu kuwa har igiyar takalmin na gani kafin hasken taga ya faɗo a fuskar Orson Welles, ɗan wasan da ya fito a matsayin Lime, wanda ashe bai mutu ba.

Daga Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Ni titunan ne suka ɗauke mini hankali. An riƙa jiƙa duwatsun titi da ruwa kafin a ɗauki hoto da dare domin su mayar da hasken fitilu, kuma a faifan kowane dutse yana sheƙi shi kaɗai. Sai da na ga haka na fahimci dalilin da ya sa Robert Krasker ya ci kyautar Oscar ta ɗaukar hoto da wannan aiki. Ƙanena ya shigo ana tsakiyar kallo, ya ga hoton a karkace, ya nufi talabijin zai gyara masa zama, sai da na tsayar da shi na ce da gangan aka karkata kyamarar.

Daga Kaduna

Malam, tawa gogewar ta fara ne da takaici. Na sa an sayo mini faifan daga Amurka, ya iso lafiya, amma na'urata ta ƙi buɗe shi, domin an raba faifan Blu-ray yanki-yanki: Amurka tana yankin A, Turai da Afirka suna yankin B. Sai da na sake sayen bugun Ingila kafin na kalla. Wanda zai saya ya duba harafin da ke bayan kwalin tun kafin ya biya kuɗi. Faifan 4K, wanda hotonsa ya fi na Blu-ray fitowa tar, shi dai galibi ba a kulle shi da yanki, amma sai da na'urarsa ta musamman. Haka nan kada baƙin layin da ke gefen hagu da dama na allo ya dami kowa, domin siffar hoton wancan zamani ke nan, wanda ya miƙe shi ya cika allo kuwa zai mayar da fuskoki masu faɗi.

Daga Maraɗi

Baba Malam, ni kunne ne ya fi cin moriya. Kiɗan fim ɗin gaba ɗaya Anton Karas ne ya yi shi da zita, abin kiɗa mai tsirkiya da yawa, kuma a tsohon faifan da mahaifina ya bari ƙararsa tana fita kamar ana kaɗa gwangwani. A wannan kuwa ana jin yatsa yana taɓa tsirkiya. Cikin magudanan ruwa na ƙarƙashin birnin, inda 'yan sanda suke farautar Lime, na kashe fitilar ɗaki na ji amsa-kuwwar muryoyi tana fitowa daga ramuka daban-daban, har na gane ruɗewar da ta kama shi. Na kuma lura cewa muryar da ta buɗe labarin ta Carol Reed ce da kansa, wato cikakken bugun Birtaniya ne mai minti 104, ba na Amurka da aka yanke wa minti 11 ba.

Mai buɗe zance

Na gode muku ƙwarai. Saboda maganar 'yata ta Maraɗi na sake sa faifan jiya da dare, na bar shi har ƙarshe. A maƙabarta, lokacin da Anna, masoyiyar Lime, take tahowa daga can nesa tsakanin bishiyoyi, Holly yana jingine yana jiranta, na iya bin ganyaye ɗaya-ɗaya suna faɗowa, har ta iso ta wuce shi ba ta ko waiga ba.