Ina neman shawara kan ƙwarewa a kunne, hanci da maƙogwaron yara

Assalamu alaikum, manyanmu likitoci. Ina dab da kammala horon ƙwarewa a tiyatar kunne, hanci da maƙogwaro, kuma burina in karkata ga yara. Na san hanyar: digirin likitanci, sai horon ƙwarewa, wanda a Amurka shekara 5 ne, sannan ƙarin shekara 1 ko 2 a asibitin yara.

Ga inda na maƙale. Cire tonsil (tsokar nan biyu da ke gefen maƙogwaro ta ciki), sa ɗan bututu a dodon kunne, ciro batirin agogo daga hancin yaro, duk hannuna ya faɗa. Amma asibitinmu ba ya aikin hanyar numfashin jarirai, balle dashen na'urar ji. Da an ga ƙuncin maƙogwaro sai a tura yaron gaba. A ganina nan ne ainihin fannin yake, don hanyar numfashin jariri kumburi kaɗan ke toshe ta.

Shin masu zaɓen ɗaliban wannan ƙarin horo a asibitin yara suna duba yawan irin wannan tiyata a kundin aikin mutum, ko bincike da wasiƙar malamai sun fi nauyi? Zuwa wani asibiti kallon aiki na 'yan watanni zai cike giɓin? Don Allah wanda ya bi hanyar ya haska mini.