Solona gudu yake, amma bai san inda zai sauka ba

Mai tambaya: Salamu alaikum, 'yan uwa makaɗa. Shekara biyu ke nan ina kaɗa jita, kuma kama kodi, wato sautukan da ake bugawa tare a lokaci guda, ba ya ba ni wahala. Damuwata solo, wato inda jitata ke rera nata kiɗan a kan na sauran. Na haddace fentatonik, wato jerin sauti biyar, na A maino a gaɓa ta 5 ta wuyan jita, ko ido rufe zan hau in sauko. Amma idan abokina ya riƙe mini kodin Am (A maino), F, C, G, kowanne bugu huɗu, sai in ji kiɗana ya kama hanyarsa, nasa ya kama tasa. A kan Am akwai daɗi, da ya koma G sai wani sauti ya yi tsami a kunne. Mai gangarmu ya ce solona kamar ɗan acaɓan da bai san gari ba, gudu akwai, adireshi babu. Wani ya ce in koyi sautukan cikin kodi. Me ke nan? Sai na koma karatun nota kafin in iya? Ku taimaka.

Mai kibod, Sabon Gari: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba sai ka karanta takarda ba. Kowane kodi cikin huɗun nan da kake kamawa sauti uku ne kawai ake maimaitawa a tsirkiyoyi shida. Am shi ne A, C, E. F shi ne F, A, C. C shi ne C, E, G. G kuma G, B, D. Yanzu dubi fentatonik ɗinka: A, C, D, E, G. Ka ga duk sautukan Am da na C suna ciki, shi ya sa a kansu ko me ka taɓa daɗi yake. Amma babu F, babu B. Wato kodi biyu cikin huɗun nan, ba ka riƙe da cikakkun sautukansu.

Tsamin da kake ji, zan iya rantsuwa C ne. Yatsanka ya saba tsayawa a gaɓa ta 8 ta tsirkiya ta 1, wato mafi siriri, ko gaɓa ta 5 ta tsirkiya ta 3. Lokacin da abokinka ke kan G, B na ƙara a jitarsa, kai kuma ka danne C, tsakaninsu gaɓa ɗaya tak. Makwabta biyu masu katanga ɗaya suna ɗaga murya tare. Wucewa ta kan C ba laifi ba ne, zama a kansa ne laifin. Ja yatsanka baya gaɓa ɗaya, daga 8 zuwa 7, ka ji yadda abin zai kwanta.

Ɗan Agadas: Ni kam, yaya, ina ganin za ku cika wa yaro kai da lissafi. A wajenmu nawa ne cikin masu jita suka san sunan kodi? Saurari Bombino ko Mdou Moctar, saurari Tinariwen na Mali. Sauti biyar ɗin nan da yake rainawa su ne jarin mutane da yawa, kuma an zaga duniya da su. Kunne da hannun dama, su ne kiɗa.

Mai kibod, Sabon Gari: Ban musa ba, kuma ina jin su ƙwarai. Sai dai a irin kiɗanku sau da yawa ana daɗewa a kan kodi ɗaya, da tsirkiya guda tana ta amo a ƙasa, kamar yadda mai gurmi ko garaya yake yi. Ƙasa ba ta motsi, don haka duk inda ka taka lafiya. Shi kuwa yaron nan duk bugu huɗu ana janye masa tabarma a shimfiɗa wata. Kuma ka lura, ko su ɗin, idan za su rufe jimla a kan tushen sautin suke sauka. Sautin kodi ne, ko ba su kira shi haka ba.

Ɗan Agadas: To, wannan na yarda. Amma ya rera da baki kafin ya taɓa tsirkiya. Abin da bakinka bai iya faɗa ba, yatsa ƙarya yake yi.

Tsohon makaɗin hailaif, Jos: Ɗana, bari in ba ka aikin mako ɗaya, ka bar gudu tukuna. A cikin sautuka ukun kowane kodin nan, na tsakiya shi ne mai gida. Ana ce masa na uku, don idan ka ƙirga daga tushe, wato sautin da kodin ya ɗauki sunansa, a jerin sautuka (sikel) shi ne na uku. Shi ke nuna ko kodi meja ne ko maino: gaɓa huɗu daga tushe meja, gaɓa uku maino. Tushe kuwa mai bes yana riƙe da shi, ba ya buƙatar taimakonka.

Na ukun Am shi ne C, na F shi ne A, na C shi ne E, na G shi ne B. A hannunka: tsirkiya ta 1 gaɓa ta 8, tsirkiya ta 1 gaɓa ta 5, tsirkiya ta 2 gaɓa ta 5, tsirkiya ta 1 gaɓa ta 7. Ɗauki muryar kodin a wayarka, minti biyar yana zagayawa. Kwana biyu na farko, sauti ɗaya kawai za ka buga a kan kowane kodi, daidai bugun farko, ka bar shi ya yi ta ƙara. Zai gundure ka, ka daure. Kwana na uku, ƙara sauti ɗaya kafin kowanne, kamar sallama kafin shiga gida. Daga nan sai ka saki fentatonik ɗinka a tsakani, yi duk yawon da kake so, sharaɗi ɗaya ne: bugun farko na sabon kodi ya same ka a gida. Idan kana son F ɗin kansa, yana tsirkiya ta 2 gaɓa ta 6, kusa da E ɗin da ka sani.

Mu a zamaninmu kodi uku ne mafi yawan aikin, na sauti na 1, na 4 da na 5 a sikel, amma sai ka ji mai jita kamar yana ba da labari. Sauti bibbiyu muke haɗawa daga cikin kodin muna tafiya da su, shi ke nan.

Wata mai koyo, Zinder: Baba, ku yi haƙuri, haruffan nan suna rikita ni. Mu da Do Re Mi aka koya mana.

Tsohon makaɗin hailaif, Jos: 'Yata, A shi ne La, B Si, C Do, D Re, E Mi, F Fa, G Sol. Kodin nasa La maino, Fa, Do, Sol. Amma ki yi hattara idan kin haɗu da makaɗan coci na Najeriya. A wajenku Do kullum C ne. A wajensu "do" shi ne tushen duk makullin, wato sikel ɗin waƙar, da ake ciki, yana ƙaura. A wannan waƙar kun dace, don makullin C ne. A wata kuwa sai ku yi ta gardama alhali kowa na da gaskiya.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na gwada daren jiya, B ɗin nan a kan G har tsikar jikina ta tashi. Sai dai akwai wata waƙarmu mai Am, Dm, E7, kuma a kan E7 abin ya fi na da muni. Na ukun ne ma a nan?

Mai kibod, Sabon Gari: Shi ne. E7 sauti huɗu ne: E, G#, B, D, shi G# kuwa gaɓa ɗaya yake gaba da G. Fentatonik ɗinka G yake da shi, kodin kuma G# yake so. Yana tsirkiya ta 4 gaɓa ta 6, ko tsirkiya ta 1 gaɓa ta 4. Danne shi lokacin E7, da an dawo Am ka matsa gaba gaɓa ɗaya zuwa A. Masu bulus na Amurka kan bar G ɗin da gangan, su ɗan ja tsirkiyar ta nufi G# ba tare da ta kai ba, don tsamin suke nema. Wannan sai ka fara sanin inda G# ɗin yake tukuna. A kan Dm kuma F za ka nema, Baba ya riga ya nuna maka gaɓarsa.