Gyaran takarda a waya: shawarwarin da aka bayar

Da aka tattauna batun gyara takardun Word a waya, yawancin masu magana sun tsaya kan manhajoji 3: Microsoft Word, Google Docs da WPS Office. Mai karɓar takardu daga ofis ko makaranta, an ce ya riƙe Word, domin shi ya fi barin fayil ɗin docx, wato irin fayil ɗin Word, yadda aka tsara shi. Google Docs ya fi daɗi idan mutane da yawa ne ke aiki a kan takarda ɗaya, amma a kunna masa damar aiki ba intanet tun ana da data. WPS kuwa an yaba saurinsa, an koka da tallace-tallacensa.

Inda aka fi daɗewa shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ. A saka Hausa cikin harsunan Gboard, manhajar allon rubutu ta Google, za a same su. Sai dai wani salon rubutun, wato font, ba shi da su, sai a je shagon buga takardu a tarar harafin ya zama ɗan akwati ko ya sha bamban da 'yan'uwansa. Wannan ya dame ni ƙwarai, don "ƙasa" ba "kasa" ba ce. Maganinsa, a mayar da takardar PDF, a duba ta shafi-shafi kafin a tura.

An kuma ja kunne kan jadawali: allon waya kan ɓoye ainihin faɗin shafi, don haka a koma tsarin da ke nuna takarda yadda za ta fito a bugu. Mai dogon rubutu ya nemi allon bugawa na Bluetooth.