Shawarwarin masu gyaran wuta a Katsina kan jan wuta zuwa shagon aiki da ke bayan gida

Bakinsu ya zo ɗaya kan cewa kada a ja wutar daga soket ɗin ɗaki. A ɗauko ta daga babban akwatin rabon wuta na gidan, da birekarta (makunnin da ke yanke wuta in lodi ya yi yawa) daban. Waya mai sulke ake so, a binne ta zurfin kamar santimita 60, yashi a ƙasa da sama. Fitilu da ƙananan injuna waya mai kaurin sikwaya milimita 6 ta ishe su. In akwai injin walda ko tazarar da nisa, a sa mai 10, don siririyar waya tana zafi kuma wutar ta iso a raunane.

Maganar atin, wato haɗa wayar kariya da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa, ita ce ta fi jan lokaci. Ƙasarmu yashi ce, da rani takan bushe ƙayau, sanda guda mai ƙafa 4 ba ta cika wadatarwa ba. A kafa mai ƙafa 6 inda ke da danshi, ko biyu a haɗe da tazara, sannan a auna da mita. Gawayi da gishirin da aka saba zubawa suna aiki, amma gishiri na cin ƙarfe, musamman sandunan da aka yi wa shafen tagulla kawai.

A sa RCD (na'urar da ke yanke wuta nan take in ta fara zurarewa) mai miliamfa 30 a shagon, kuma kada a haɗa nutural (wayar da wuta ke komawa ta cikinta) da atin a can.