Ina son zama malamin jami'a a fannin nazarin lissafin kwamfuta, ta ina zan fara?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gama digirin farko a kimiyyar kwamfuta, kuma kafa hujja a kan algoridim (jerin matakan warware matsala) ya fi min daɗi da rubuta manhaja. Burina bincike da koyarwa a jami'a. Wane lissafi zan riƙe, yaya ake samun gurbin digirin digirgir, kuma ko in fara taɓa matsalar P da NP (tambayar ko duk matsalar da ake iya duba amsarta da sauri ana iya warware ta da sauri) tun yanzu?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, P da NP ka bar ta tukuna. Tun 1971 Stephen Cook ya tsara ta, a 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay ta sa ladan dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware ta, har yau tana nan. Akwai dalili: Baker, Gill da Solovay sun nuna a 1975 cewa wani rukunin hujjoji ba zai iya raba gardamar ba, Razborov da Rudich suka toshe wata hanyar a 1994. Da yawa daga masu cewa sun warware ta a waɗannan ramukan suke faɗawa ba su sani ba. Abin da za ka riƙe shi ne lissafin yiwuwa, aljabarar matris (teburan lambobi), nazarin giraf (ɗigogi da layukan da ke haɗa su) da lissafin ƙirge. Ga atisaye: ɗauki takardar bincike, karanta abin da aka ce an tabbatar, rufe ta, ka yi kwana biyu kana neman hujjar da kanka. Inda ka cije, nan dabarar marubutan take.

Amsa ta biyu:
A Amurka digirin digirgir kan ci shekara 5 zuwa 6, ana shiga da digirin farko, kuma galibi a Disamba ake rufe karɓar takardu. A yawancin Turai shekara 3 zuwa 4 ne, amma sai da digiri na biyu. Ana neman wasiƙun shaida uku, wadda ta fi nauyi ita ce ta malamin da ya ga ka yi bincike da idonsa. Kafin ka zaɓi mai kula da kai, buɗe DBLP, shafin intanet da ke jera wallafe-wallafen kimiyyar kwamfuta, ka duba abin da ya wallafa a shekaru ukun baya, sannan ka tambayi ɗalibansa sau nawa yake zama da su. Abin da ke kashe ɗalibai shi ne rungumar matsala ɗaya mai tauri, shekara uku ta wuce ba takarda ko ɗaya. Riƙe biyu, babba da ƙarama.

Amsa ta uku:
Malam ya yi gaskiya. Ƙari a kai, a wannan fanni wallafa a taron masana ya fi wallafa a mujalla daraja; manyan tarukan sun haɗa da STOC, FOCS, SODA, ICALP. Sunayen marubuta bisa jerin haruffa ake sa su, don haka ba a gane wa ya yi aikin daga sunan farko, wasiƙun manya ne ke faɗa. Koyi LaTeX, manhajar rubuta takardun lissafi, yanzu. Alƙalan taro shafukan farko kamar goma ne wajibi su karanta, to gabatarwa ta faɗi sakamakon, abin da aka sani kafin ka, da sabuwar dabarar, ƙarara. Kuskuren da ya fi yawa a hujja: a ɓoye adadi cikin O (alamar yadda lokacin aikin algoridim ke ƙaruwa) a ce tsayayye ne alhali ya dogara da n (girman bayanan da aka ba shi), ko a juya "ga kowane" da "akwai". Ka fara sa aikin a arXiv ko ECCC (rumbunan takardun bincike na intanet), daga baya ka kai cikakkensa mujalla, domin kwamitin ƙarin girma a wasu jami'o'i mujalla kawai ya sani.

Mai tambaya:
Na gode. Koyarwar fa?

Amsa ta huɗu:
Bayan digirin mutane kan yi shekara ɗaya zuwa uku suna bincike a wata jami'a kafin su samu kujera. A Amurka sai kimanin shekara shida kafin a tabbatar da kai a kujerar dindindin. Darasin algoridim ko na otomata (samfuran inji na lissafi) za a fara ba ka. Ka shirya wa abu ɗaya: ɗalibai na juya alkiblar rage matsala, wato mayar da wata matsala zuwa wata. Don nuna sabuwar matsala na da wuya, SAT (sananniyar matsala mai wuya ta mantiƙi) ake mayarwa zuwa gare ta, su kuwa sai su mayar da ita zuwa SAT. Sa su rubuta alkiblar da jimla ɗaya kafin su fara hujja.