Gerontocracy da Hausa: dattawa, tsofaffi ko manyan jiya?

1/ Masu fassarar labarai, ku zo mu kashe wannan magana. Gerontocracy daga Girkanci take: geron tsoho, kratos iko. Tsari ne da iko ke taruwa a hannun masu yawan shekaru, matasa kuma sai kallo. Har yanzu kowa fassara ta yake yadda ya ga dama.

2/ "Mulkin dattawa" ya fi yawo, kuma shi ya fi ɓata ma'ana. Dattijo a wurinmu mai dattako ne. Ka ce wa Bahaushe ƙasa tana hannun dattawa, hamdala zai yi. Ita kuwa kalmar, ƙorafi ake yi da ita.

3/ "Mulkin tsofaffi" ya fi kusa, sai dai yana da kaifi. Ka faɗe shi a rediyo, mai sauraro zai ji kamar furfura ake zagi. Nan take a ce yaran zamani ba su da tarbiyya, shi ke nan magana ta mutu.

4/ Kuma ba tsufa ne abin kukan ba. Yakubu Gowon yana da shekara 31 ya zama shugaban ƙasa a 1966. Murtala yana da 36 a 1975. Buhari ya hau yana da 41 a ƙarshen 1983, ya dawo a 2015 yana da 72. Wato suna samari suka shiga, ba wanda ya ce musu su jira lokacinsu. Na bayansu ne aka ce wa "ku ne manyan gobe", goben ta ƙi zuwa.

5/ An rage shekarun takara a 2018: shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Madalla. Sai ga fom ɗin takarar shugaban ƙasa na APC a 2022 naira miliyan 100, na PDP miliyan 40. Wane ɗan shekara 35 ne zai saya in ba shi da ubangida?

6/ Shawarata: MULKIN MANYAN JIYA. Duk wanda ya rera "yara manyan gobe" a firamare zai gane ba sai an yi masa bayani ba. Akwai zambo a ciki, amma babu rashin kunya. A kula, ba "mazan jiya" ba, wannan kirari ne.

7/ Wani ya ce a yi amfani da "tazarce" ko "mutu-ka-raba". Waɗannan na mutum ɗaya ne da ya maƙale a kujera, irin Paul Biya na Kamaru tun 1982. Tamu kuwa ko an sauya fuska duk zaɓe, sa'o'in juna ne ke miƙa wa juna.

8/ A littafin makaranta ban hana "mulkin tsofaffi" ba. A sharhi da kanun labarai kuwa a gwada haka: "Matasa sun koka da mulkin manyan jiya a jam'iyyu."